Igiya a Hannun Yaro: Ziyararmu a Duwatsun Shere

Mai karatu, in ka taɓa ganin malamin makaranta yana tafe aljihunsa na ƙara kacau-kacau kamar jakin fatake, to, ka ga irinmu. Shekararmu ashirin da biyu muna riƙe da alli. Tun da aka ba mu mataimakin hedimasta, makullan makaranta suka riƙa taruwa a aljihunmu ɗaya bayan ɗaya har suka kai goma sha ɗaya: na sito, na ɗakin littattafai, na ɗakin gwaje-gwaje, na akwatin magani, har da na kabad ɗin da ake ajiye ƙwallo. Ba mu ba kowa ko ɗaya. A ganinmu, abin da mutum ya riƙe da hannunsa shi ne ba ya ɓata.

Da daminar bara zazzaɓi ya kwantar da mu kwana tara a wani asibiti nesa da gida. Makullan suna cikin wandon da muka tafi da shi. Sai da aka yi kwana biyu kafin a aiko a karɓa, da aka kai su kuma ba wanda ya san wanne ke buɗe wace ƙofa. Bayan mun warke, hedimastanmu, dattijo ne da ya kusa ajiye aiki, ya kira mu ofis ya ce, "Malam, kujerar nan kai za a ba. Amma ina tsoron ranar da mura za ta kama ka a rufe makaranta." Muka yi dariya, amma maganar ta kwana a ranmu.

Da hutun hunturu ya zo, shi ne ya ce mu jagoranci manyan ɗalibai zuwa Duwatsun Shere, kusa da Jos, su koyi hawan dutse da igiya. Muka ɗauka don yaran aka shirya tafiyar. Ashe dattijon ya san wanda ya aika makaranta.

Hawan Kibo

Muka tashi da asuba daga garinmu a kudancin Kaduna, mu da wata malama, da yara goma sha huɗu, maza takwas, mata shida. Iyaye suka rako mu har bakin mota, kowace uwa tana cewa, "Malam, ga amana nan." Aka yi addu'a, direba ya ja.

Hantsi bai yi ba muka iso Hawan Kibo. Nan ne hanya take barin ƙasa mai zafi ta kama hawa tudun Filato, tana lanƙwasa kamar maciji. Manyan motoci suna rarrafe suna tuƙar baƙin hayaƙi. A gindin hawan ne ruwan Assop yake zubowa ta kan duwatsu. Kafin mu kai sama kunnuwanmu sun toshe, iska ta yi sanyi, yara suka fara laluben rigunan sanyi. Wajen Riyom muka ga manyan duwatsun nan da suka hau kan juna kamar wani ne ya jera su da hannu, mutum ya ce ko tari ya yi za su gangaro, alhali kuwa kakannin kakanni haka suka tarar da su. Daga nan sai Bukuru, inda tuddan jar ƙasa da manyan kududdufai suke ko'ina. Ragowar haƙar kuza ce, wadda kamfanonin Turawa suka kama gadan-gadan tun farkon ƙarni na 20.

Birnin Jos kansa yana bisa tudu, wajen mita 1,200 sama da teku. Muka ratsa gari muka yi gabas, muka wuce madatsar ruwa ta Lamingo. Tafiyar ba ta wuce kilomita 10 ba sai ga Shere a gabanmu cikin hazo, dutse bisa dutse, wani ya leƙo ta bayan wani. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, wato ƙafa 6,000 a lissafin da aka koya mana muna yara.

Wannan ƙasar Afizere ce. Gonakin acca da aka riga aka girbe suna nan har gindin duwatsu. A zamanin hare-haren neman bayi, duwatsu irin waɗannan su ne garun mutanen Filato da yawa, gama inda mai gida zai bi da ƙafa doki ba zai bi ba. Muna sauke kaya sai ga wata tsohuwa tana gangarowa ta kan wani falalen dutse da dami na itace a kai, silifa ne kawai a ƙafarta, ko dafa dutsen ba ta yi ba. Ta gaishe mu ta wuce. Muka dubi sabon takalmin da muka sayo don wannan tafiya, muka yi shiru.

Yadda makaranta ta hau dutse

Kowa ya san 'yan Man O' War, masu kakin nan da ake gani a makarantu da sansanin masu yi wa ƙasa hidima. Amma ba kowa ya san asalin sunan ba, kuma labarin ya shafi duwatsun nan.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani mai jiragen ruwa a Birtaniya, Lawrence Holt, ya damu da wani abu. In aka nutsar da jirgi, sau da yawa tsofaffin ma'aikata sukan jure a cikin ƙananan kwale-kwale har a cece su, samari masu jini a jika kuwa su karaya. Ƙarfi suna da shi, sai dai ba su taɓa gwada kansu sun san iyakar abin da za su iya ba. Sai ya haɗa kai da wani malami Bajamushe, Kurt Hahn, suka buɗe makaranta a bakin teku a yankin Wales a 1941, inda ake sa matasa cikin wahala mai tsari don su san kansu, su kuma san darajar na kusa da su.

A 1951 wani Bature mai suna Alec Dickson ya kafa irinta a wani lungun teku da ake kira Man O' War Bay, kusa da garin Victoria, wanda yanzu ake kira Limbe, a Kamaru. A lokacin ana mulkin yankin tare da Nijeriya. Akan tara samari daga Arewa da Yamma da Gabas, malamai da akawuna da ma'aikatan En'e, a koya musu iyo a teku, a hau da su Dutsen Kamaru mai tsawon fiye da mita 4,000, su kuma yi aikin gayya a ƙauyuka. Da Kudancin Kamaru ya zaɓi rabuwa da Nijeriya a ƙuri'ar 1961, sai makarantar ta ƙaura zuwa Kurra a nan Filato, daga baya ta zauna a Shere. Sunan lungun tekun nan ne ya bi ta har yau.

Jagoranmu a nan ya koyi aikinsa. Gajere ne, furfura ta fara fito masa, ba shi da yawan magana. Ya kai mu gindin wani dutse da tsawonsa zai yi mita 20, ya ce mu zauna. Awa guda cur ba wanda ya taɓa dutsen.

Kafin a ɗaga ƙafa

Ya fara da igiya. Ta nailan ce, kaurinta kamar ɗan yatsa. Ya nuna mana wani guntu da aka yanke: a ciki akwai fararen zaruruwa, su ne masu ɗaukar nauyi, a waje kuma saƙa ce mai kare su daga kaifin dutse. Igiyar takan ɗan miƙe in nauyi ya faɗa mata, don kada ta fizge ƙugun wanda ya faɗo. Ya ce laifi na fari a wurin nan shi ne taka igiya, gama tsakuwa takan shige ciki ta riƙa cin zaren a ɓoye.

Sai ɗamara, wadda ake zura ƙafafu a ciki a ɗaure a ƙugu, da hular kwano, da wata ƙugiya mai ƙofa wadda ake murɗawa a kulle. Ya ce ƙugiyar nan, ƙanƙanta da ita, tana ɗaukar nauyin tan 2 in ƙofarta a rufe take. In aka bar ta a buɗe kuwa, ƙarfinta yakan ragu zuwa wajen sulusi. Sa'an nan ya fito da wani ɗan ƙarfe mai rami wanda mai riƙon igiya yake maƙalawa a ɗamararsa. Igiya tana ratsa shi. In aka ja wutsiyarta ƙasa sai ta cije, har yaro ya iya tsai da ƙato. Sharaɗi ɗaya ne: hannun da ke riƙe da wutsiyar igiya ba ya sakinta, ko ƙuda ne ya shiga ido.

Shi da kansa ya zaga ta bayan dutsen, inda hawa ke da sauƙi, ya ɗaure madogara biyu a sama, kowace da nata dutse, don in ɗaya ta kwance ɗaya ta riƙe. Igiya ta tashi daga mai hawa, ta ratsa can sama, ta dawo ƙasa hannun mai riƙo.

Ya koya mana ƙulli mai siffar lamba 8. Ya ce an zaɓe shi ne domin ko daga nesa ido yana gane in an yi shi daidai. Kowa ya ɗaura ya kwance har sau goma. Daga nan ya kafa doka: ba mai hawa sai abokinsa ya duba ƙullinsa da ɗamararsa, shi ma ya duba na abokin. Da ya tashi nuna mana hawa, sai ya kira ƙaramar yarinya a cikinmu ya ce, "'Yata, zo ki duba ni." Muka ce, "Haba Malam, kai da ka shekara da shekaru a kan wannan aiki?" Ya ce, "Gwani ma yakan manta. Dutse kuwa bai san gwani ba."

A ƙarshe ya ba mu kalmomin da za a riƙa faɗa, ba ƙari ba ragi. Mai hawa ya ce, "Ka riƙe ni?" Mai igiya ya amsa, "Na riƙe ka." "Zan hau." "Hau." In igiya ta yi sako-sako, a ce, "Ja." In ta matse, a ce, "Saki."

Bakuna goma sha biyar

Yara suka fara hawa. Dutsen Shere yana da kaushi kamar dutsen niƙa, yana kama takalmi sosai. Jagora ya ce ƙafa ke hawa, hannu dafawa kawai yake yi, gama ƙafar da ta ɗauke ka tun kana yaro ta fi hannu ƙarfi nesa. A motsa gaɓa ɗaya, uku suna kan dutse. Kada a sa gwiwa. Kada kuma a rungume dutse, domin wanda ya manna cikinsa ba ya ganin inda zai taka, nauyinsa kuma yakan bar tafin ƙafarsa, sai santsi.

Wata yarinya ta kai tsakiya ta tsaya cik. Ba gaba, ba baya. Nan take kowa ya zama malami: "Ɗaga ta dama!" "A'a, ta hagu!" "Kama can!" Muryar da ta fi ta kowa ƙarfi tamu ce. Yarinya ta fashe da kuka. Jagora ya ɗaga hannu ya ce, "Kowa ya yi shiru. Mai igiya kaɗai ke magana." Ƙawarta da ke riƙe da igiya ta ce a hankali, "Ina riƙe da ke. Huta tukuna. Me kike so?" Ta ce tana so ta sauka. Aka sauko da ita, ba wanda ya yi dariya. Da la'asar ita da kanta ta ce a sake ɗaura mata, ta hau ta wuce wurin nan ba wanda ya ce mata uffan. Ashe tun farko ta ga matakin. Hayaniyarmu ce ta hana ta jin shawarar zuciyarta.

Ɗan bayan aji

Yanzu dole mu gaya maka labarin wani yaro. Shekara biyu da suka wuce an ba shi ajiyar kuɗin da ajinsu suka tara don sayen ƙwallo, ya kashe. Da aka matsa, ya amsa laifinsa. Da hutu ya yi ƙodago a gonakin mutane ya biya har kwabon ƙarshe. Muka ce mun yafe. Amma tun daga ranar ko kwalin alli ba mu ƙara aikensa ya ɗauko ba. Ya koma kujerar baya, ya daina ɗaga hannu. Da aka kawo sunansa cikin waɗanda za a ba shugabancin ɗalibai, mu muka soke.

Da rana ta take, jagora ya dube mu ya ce, "Malam, saura kai." Tsoro na daji, kunya na gida, ga yara sun zuba ido. Muka sa ɗamara. Muka ɗauka shi zai riƙe mana igiya, sai muka ji ya kira yaron nan. Muka matsa kusa da shi muka yi ƙasa da murya muka ce, "Ba wani?" Ya ce, "Tun safe nake kallonsu. Duk cikinsu shi kaɗai ne bai taɓa ɗauke ido daga mai hawa ba. Ni ma zan tsaya bayansa in kama wutsiyar igiya, haka ake yi wa kowane sabon hannu. Amma shi zai riƙe ka." Da yake mun fi yaron nauyi, aka ɗaure shi ta baya a jikin wani dutse don kada mu ɗaga shi sama.

Yaron ya zo ya duba ƙullinmu. Ya ɗan yi jim, sa'an nan ya ce, "Gafara Malam, madaurin ƙugunka bai matse ba." Gaskiyarsa. Ya ja ya matse. Mu ma muka duba ƙugiyarsa, a kulle take. Muka ce, "Ka riƙe ni?" Bakinmu ya yi nauyi da wannan tambaya. Ya ce, "Na riƙe ka, Malam."

Mita biyar na fari ba wuya. Daga nan dutsen ya miƙe. Duk abin da aka hana mu shi muka yi: muka rungume dutse, muka rataya da hannu, don ba mu yarda da ƙafafunmu ba, balle igiya. Kafin mu kai rabi damatsanmu sun mutu. Ƙafar dama ta kama rawa kamar ta tela a kan keke. Jagora ya ce daga ƙasa, "Sauke diddige, ja numfashi." Muka yi, rawar ta ragu. Muka hangi wata tsaga sama da kanmu, muka miƙa hannu muka kai mata cafka kafin mu gyara tsayuwa. Takalmi ya zame.

Ba mu san abin da muka faɗa ba, yara dai sun ce mun kira sunan mahaifiyarmu. Faɗuwar ba ta kai kamu biyu ba. Igiya ta ɗan miƙe ta tsaya, muka yi lilo muka bugi dutse da kafaɗa. Da muka leƙa ƙasa, ga yaron ya tokare ƙafafu, hannayensa biyu a kan igiya wajen cinyarsa, idonsa a kanmu. Ya ce, "Kana hannuna, Malam. Huta."

Muka huta a kan igiya. A nan muka gane wani abu. Muddin muna zaton faɗuwa ita ce mutuwa, ba mu iya ɗaga ciki daga jikin dutse. Da muka faɗi aka tare mu, sai tsoron ya sake mu. Muka ja jiki baya kaɗan, sai ga matakai a fili waɗanda dā cikinmu ya rufe. Muka taka, ƙafa ta ɗauke mu. Wato sai da muka amince da yaron sa'an nan muka iya amincewa da ƙafafunmu. Muka kai sama muka dafa ƙugiya.

Saura sauka, ita ce kuwa ta fi wuya. Dole mutum ya saki dutse gaba ɗaya, ya buɗe ƙafafu, ya jingina da iska kamar mai zama a kujerar da babu, ya bar na ƙasa ya sauko da shi. Ba yadda za a yi rabi da rabi. Wanda ya ce zai riƙe dutse da hannu ɗaya, gwiwarsa da haɓarsa za su gaya masa. Muka saki. Yaron da ba mu yarda ya ɗauko kwalin alli ba ya sauko da mu sannu sannu kamar mai sauke tulu. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Namu hakin bai tsone mu ba, tare mu ya yi.

"Saki kaɗan, Malam"

Bayan an ci abinci aka juya: shi zai hau, mu mu riƙe. Muka ce a ranmu, yau yaron nan ko taku ɗaya ba zai zame ba. Muka ja igiya tam. Duk motsin da ya yi sai mu ƙara ja. Ya kai wani wuri da ake bukatar ya ɗan yi gefe, igiya ta hana shi, tana neman fizge shi daga dutsen. Ya ce, "Saki kaɗan, Malam!" Muka saki ɗan kaɗan. Ya sake cewa, "Ƙara saki!"

Jagora ya zo kusa da kunnenmu ya ce, "Ba kai za ka jawo shi sama ba, ba guga ba ne. Shi zai hau da ƙafarsa. In ka sake da yawa, ranar da ya zame zai sha ƙasa. In ka matse da yawa, kai za ka kayar da shi. Ba shi daidai abin da zai motsa, idonka a kansa, hannunka a kan wutsiya."

Mai karatu, mun yi kwas-kwas a kan sha'anin mulkin makaranta, muna da takardar difloma a bango. Amma ba a taɓa bayyana mana aikinmu sarai kamar yadda mutumin nan ya yi a gindin dutse ba. Shekara da shekaru muna matse igiyar malamai da ta yara, muna kiran abin kula.

A kan tudu da yamma

Kashegari muka bi hanyar ƙafa muka hau wani babban tudu. Rema suna shan hantsi a kan duwatsu, da sun ji motsi sai su shige kogo. Daga sama muka hangi Jos cikin hazo, da ruwan Lamingo yana ƙyalli, da gonaki kamar an shimfiɗa tabarmi.

Muna zaune jagora ya ba yara labarin Dutsen Everest, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, mita 8,849, a kan iyakar Nepal da Sin. Mutum biyu ne suka fara taka ƙololuwarsa ran 29 ga Mayu, 1953: Edmund Hillary, mutumin New Zealand, da Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa. Makonni kaɗan kafin wannan rana, Hillary ya yi tsalle zai ƙetare wani rami a cikin ƙanƙara, bakin ramin ya karye da shi. Tenzing da ke bayansa ne ya tsai da igiya. Amma abin da ya fi kama mu shi ne shugaban tafiyar, wani hafsan soja mai suna John Hunt. Shi ya tsara kome, ya yi dakon kaya da kansa har kusa da sama don na gaba su samu, sa'an nan ya koma ƙasa ya jira. Bai taka ƙololuwar ba, kuma ba wanda ya ce tafiyar ba tasa ba ce.

Muna gangarowa muka jera da yaron nan a baya. Muka daɗe ba mai magana. Can muka ce, "Ɗana, ka biya bashinka tun tuni, amma ba a daina binka ba. Ka yi haƙuri." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba kome, Malam." Da muka zo wani wuri mai gangara ya miƙo hannu, muka kama.

Bayan mun dawo

Mun mayar wa kowace uwa amanarta lafiya, ban da ƙujewa nan da can. Da aka koma makaranta muka zube makullan nan goma sha ɗaya a kan tebur a taron malamai. Yanzu biyu suka rage a aljihunmu. Na kabad ɗin ƙwallo da kayan wasa yana hannun yaron. Kowace Jumma'a mu da shi mukan ƙirga kaya mu sa hannu a littafi, shi ma yakan duba lissafinmu. Wannan ba zargi ba ne, duba ƙulli ne, ya kuwa gane haka domin tare muka koya.

Kada mu ɓoye maka, ba kome ne ya tafi sumul ba. Wata na biyu wani malami ya ɓatar da makullin ɗakin littattafai, sai da aka fasa kwado aka sayi sabo. Hannunmu ya yi ƙaiƙayi mu karɓe sauran duka. Muka tuna da muryar nan daga kan dutse, muka miƙa masa sabon makullin. Kwado ɗaya muka yi hasara, makaranta kuwa ba ta tsaya ba.

Wanda yake so ya kai yara Shere, ya tafi da rani. Da damina dutse yana da santsi, ga kuma tsawa a kan tudu. Kada kowa ya gwada hawa da igiyar guga ko ta ɗaurin kaya, kada kuma a hau ba tare da wanda ya koyi aikin ba. A riƙe ruwan sha da rigar sanyi.

Amma ko ba ka taɓa zuwa Filato ba, akwai igiya a hannunka. Maigida, ɗanka ya kai shekara ashirin, ka taɓa ba shi kuɗin taki ya je ya sayo shi kaɗai? Uwargida, 'yarki ta taɓa dafa tuwon baƙi ba ki tsaya a kanta ba? Akwai wanda ya yi maka laifi ya tuba, ka ce ka yafe, amma har yau ba ka ƙara ba shi riƙon kome ba? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rana tana zuwa, ko ta ciwo ko ta tsufa, da za ka saki dutse ka jingina, wani ya sauko da kai. Gara tun yau ka koya masa ƙulli, ku duba na juna, sa'an nan ka miƙa masa igiya.